Yadda za ka yi idan banki ya ci ka tara kan biyan bashin mota

Ranar cire kuɗin mota ta zo, albashi bai shigo ba, banki ya laluba asusunka ya tarar wayam. Gari na wayewa sai ga alat na tara. Kada ka haɗiye ta haka nan.

Fara da karɓar bayanan asusunka na watan, ka ga abin da ya hana cirewar. A nan maganar take. Ƙa'idar caje-cajen banki ta Babban Bankin Najeriya, CBN, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ta raba abin gida biyu. In akwai kuɗi a asusun, tangarɗar daga wajensu ce, ba su da ikon taɓa maka ko kwabo. In kuwa kuɗin ne babu, tarar kashi 1 cikin 100 ce na abin da za a cire, ko Naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Wato mai biyan 180,000 a wata zai ga an zare 5,000, mai biyan 700,000 kuma 7,000.

Sai ka ɗauko takardar yarjejeniyar rancen, wadda yawancinmu muke sa wa hannu ido na kan makullin mota. Tarar jinkiri daban take, kuma ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na kuɗin da ya makale, ban da kuɗin ruwa. Haɗa lissafin da biro.

In abin da aka cire ya zarce haka, rubuta ƙorafi ka kai bankin, ka karɓi lambar shigar da shi. Maganar baki a gaban kanta iska ce. In suka yi shiru ba su warware ba, ka garzaya sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

Wanda ya bar wa mai bashi cak ya fi kowa buƙatar hanzari, domin wata dokar Najeriya ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu kan bayar da cak alhali an san asusu ba kuɗi. Ina roƙonka, kada ka yi wasa da wannan.

Bayan ka cike giɓin, nemi a rubuce a matsar maka da ranar cirewa zuwa kwana huɗu ko biyar bayan shigowar albashi.