Yadda za ka fara fita in bashi ya yi maka katutu

Bashi hanji ne yana cikin kowa, wannan ba sabon zance ba ne, amma da bambanci tsakanin wanda mai shagon layinsu ke bin dubu biyar da mutumin da in wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta zube, gidaje da yawa sun faɗa hali na biyun nan, mafi ƙarancin albashi da aka mayar dubu 70 a 2024 ko buhun shinkafa bai saya ba a lokacin, balle haya da kuɗin makaranta da asibiti. To in kana ciki, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi.

Ka fara da takarda da biro, ba waya ba, takarda. Ka rubuta duk wanda ke bin ka, da nawa ne, da ranar da ka yi alkawarin biya, da kuma ko kuɗin yana ƙaruwa ko a tsaye yake. Har da ɗari biyar ɗin mai shayi da ragowar kuɗin tela da kwasar adashin da ka yi tun farko kana ta zubi, don ita ma bashi ce ko da ba a kiran ta haka. Da yawa wallahi ba su san jimillar abin da ake bin su ba, tsoron haɗawa suke, sai su yi ta kwana da fargabar abin da ba su ma san girmansa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai akwai yarda.

Daga nan ka zaunar da uwargida ka nuna mata takardar. Na san nan ne maza ke tirjewa, wai kar a raina su, amma ka duba, ita tana can tana lissafin ankon bikin ƙanwarta da gudummawar suna saboda a zatonta komai lafiya, kai kuma kana cewa to to kana zagayawa kana ranto, in abin ya fashe dukkan ku zai shafa kuma ta fi jin ciwon ɓoyewar a kan talaucin. Ke ma uwargida in ke ce kika ɗauki atamfa da kayan kicin biya a hankali wajen dillaliya har ya taru, ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a bakin ƙofa.

Sai tsara wa za a fara biya, kuma a nan mutane ke kuskure, suna fara biyan wanda ya fi surutu. A'a. Ka fara da wanda kuɗinsa ke haihuwa. Manhajojin bashin nan na waya su ne kan gaba, misali ka karɓi dubu 50 a ce nan da sati biyu ka mayar da 65, ka makara su ɗora tara kullum, kai kuma sai ka buɗe wata manhajar ka ciwo ka toshe ta farko, kafin wata uku sai ka ga guda shida ke bin ka kuma ko sisi ba ta shiga tukunyar gidanka ba. Wannan zagayen shi za ka fara yankewa, ko me za a yi kar ka sake cin bashi don biyan bashi. Ban ma shiga maganar riba a addini ba, kowa ya san hukuncinta. In suka fara tura wa 'yan'uwanka da surukanka saƙon cin mutunci, ka ɗauki hoton saƙonnin ka ajiye ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ke yi musu rajista kuma ta sha rufe wasu, Google ma tun 2023 ya hana irin manhajojin nan shiga lambobin wayar mutane da hotunansu. Kai ƙara ba ya goge bashin fa, uwar kuɗin tana nan sai ka biya. In kuma banki ne, kar ka ɗauka canja asusu zai cece ka, tun 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba bankuna damar cire kuɗinsu daga duk wani asusun da ke kan lambar shaidarka ta banki, BVN, in ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓa, kuma yawanci an sa ba tare da an karanta ba.

Bayan su sai mai shago da mai awo, don su ne ke riƙe da cikin yaranka, jarin nasu ma ɗan kaɗan ne. 'Yan'uwa da abokai su zo ƙarshe a biya, amma su zo farko a magana.

Maganar kuwa ita ce aikin da ya fi wuya. Kar ka kashe waya, kar ka canja hanya, kar ka aika yaro ya ce baba ba ya nan. Ka taka da ƙafarka ka ce Alhaji ga halin da nake ciki, dubu ɗari ɗinka ba zan iya ba ka a dunƙule ba, amma duk ƙarshen wata zan kawo goma. Ka faɗi abin da ka tabbatar za ka iya, ba abin da zai yi masa daɗin ji ba, don dubu biyar da ta zo a ranarta ta fi alkawarin hamsin da aka saɓa. Yawancin mutane ba rashin kuɗin ke tunzura su ba, rainin wayon ne. In mutumin mai zafi ne ka tafi da liman ko mai unguwa ko wani dattijo da yake jin kunya, a rubuta sabuwar yarjejeniya kowa ya sa hannu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara dai ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma ka bari dattijon ya karanto ta, in daga bakinka ta fito sai ta zama kamar gatse.

Kuɗin biyan kuma daga ina? Daga abin da za a rage da abin da za a sayar. Anko, liƙi, data ta kallon bidiyo, cefanen fita kunya in an yi baƙi, duk a jingine su zuwa wani lokaci, kuma in aurar da 'ya ne a gabanka kar ka ƙara bashin kayan ɗaki da gara a kan wanda kake ciki, masu zugawa ba sa nan ranar biya. Waya mai tsada, fili da ba a gina ba, tumakin da ake kiwo, ana iya sayarwa. Amma keken ɗinki ko babur ko injin markaɗe da ake samun na cefane da shi, wannan kar a taɓa. Gwal ɗin matarka kuma nata ne, in ta ba ka da kanta to rance ne, ka ƙara shi a takardar.

Sannan kar ka ji kunyar neman zakka. Waɗanda ake bi bashi suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa a ba su zakka, jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumar zakka, ga kuma masu hali a unguwa da ke fitarwa duk shekara suna neman wanda ya cancanta. Ka je da takardar nan taka, ka bar liman ya gabatar da kai, in da hali ma ka ce a miƙa kuɗin kai tsaye ga mai bin ka kar su biyo ta aljihunka.