Shawara ga masu hawa bayan a-kori-kura a Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu da ke ɗaukar fasinja a bayan a-kori-kura ko aboboyaa (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ranar jana'iza ko biki, daga Aboabo ko Asawase, mu kula da wannan.

Bayan mota na kaya ne, ba bel, ba rufi. Karo a gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Ƙarfin hannu ba ya riƙe mutum a irin wannan. Wani lokacin ma ba karo ake yi ba, birkin gaggawa ko kwana mai kaifi ya isa ya cilla mutum kan kwalta.

In akwai wuri a gaba, tsofaffi da yara su shiga can. In hawa bayan ya zama dole, kowa ya zauna a ƙasan bodi, ya jingina bayansa da kan motar. Ban da tsayuwa, ban da zama a gefen bodi ko kan murfin baya; a tabbata sakatun murfin biyu sun kama. Kada a haɗa mutane da buhunan siminti ko tukunyar gas da ba a ɗaure ba, domin da an taka birki kayan za su zame su matse ƙafafu.

Tamfol kuma rana kawai yake tarewa. In aka rufe shi ruf, hayaƙin salansa kan taru a ciki, sai ciwon kai da jiri. A bar iska ta shiga.

Wanda ya faɗo, kada a ciccibe shi, mai yiwuwa ya samu karaya a wuya. A tsare kansa yadda yake, a kira lambar gaggawa ta 112.