Shawara ga masu son aikin hulɗa da jama'a a harkar fasaha

Salam ƴan uwa, wani ƙanena ya tambaye ni wai yadda ake shiga kamfanonin da ke yi wa irin su OPay da Moniepoint aikin hulɗa da jama'a, na ce bari in sa nan kowa ya amfana.

Gaskiya yawancin kamfanonin nan Legas da Abuja suke, amma daga nan Katsina za ka fara shiri, digiri kaɗai ba ya kai mutum. Abin da oga zai duba shi ne rubutunka, ko za ka iya ɗauko wata manhaja mai wuyar ganewa ka bayyana ta yadda mai POS na Ƙofar Ƙaura zai gane, ɗan jarida kuma ya ga labari a ciki ba talla ba. To ka samu wani mai gina manhaja nan garin ka rubuta mishi sanarwar manema labarai ko kyauta ne, ka tara kamar 5 ka ɗora a LinkedIn. Kullum ka leƙa shafukan labaran fasaha na TechCabal da Techpoint.

Hausarka ma jari ce wallahi, kwastomomin Arewa suke nema.

Sai rajista da NIPR, wato cibiyar ƙwararrun masu aikin hulɗa da jama'a ta Najeriya, dokar 1990 ta wajabta ma mai wannan sana'a, kar ka bari sai ranar intabiyu.