Kurakuran da baƙi suka fi yi a Varanasi, birnin bakin Kogin Ganga

Cikin mutanenmu masu zuwa Indiya don asibiti, karatu ko sarin kaya, akwai waɗanda idan sun samu sarari sukan so su leƙa wani gari ban da Delhi da Mumbai. Wanda aka ce masa ya je Varanasi an ba shi shawara mai kyau, sai dai gari ne mai saurin gajiyar da wanda ya shige shi da ka. Yana jihar Uttar Pradesh, yana cikin tsofaffin biranen duniya da har yau ake zaune a cikinsu, kuma mabiya addinin Hindu suna ɗaukarsa gari mafi tsarki. Jama'ar da za ka tarar maƙil a bakin kogi, wasu ibada ce ta kawo su, wasu gawa suka rako. Yawancin kurakuran baƙi daga manta wannan suke tasowa.

Na farko tun a gida ake tafka shi. Wanda ya taso daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan, Indiya tana neman katinsa na rigakafin cutar shawara, kuma allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Babu kati, ana iya killace mutum har kwana 6. Sai zaɓen lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 40, duwatsun bakin kogi su ɗauki rana har ba a iya taka su. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce: kogin ya cika ya shanye matakala, hukuma ta dakatar da jiragen ruwa, ka biya kuɗin tafiya ka dawo ba ka ga abin da ya kai ka ba. Tsakanin Oktoba da Maris ya fi. Ko a nan ɗin, hazon Disamba da Janairu yana jinkirta jiragen ƙasa da na sama, don haka kada ka sa komawarka Delhi rana ɗaya da tashin jirginka na gida.

Tsohon gari lunguna ne zalla, wasu da kyar mutum biyu suke giftawa, ga shanu, ga babura, ga birai a kan rufi. Mota ba ta shiga. A-daidaita-sahu zai ajiye ka wajen mahaɗar Godowlia, sauran tafiyar ta ƙafa ce. Wanda ya kama masauki a bakin kogi kuma ya zo da manyan akwatuna zai raina kansa. Ka ɗauki ƙaramar jaka, ka kira masaukin su turo wanda zai tarbe ka. Idan direba ya ce maka an rufe otal ɗin da ka ambata, ko ruwa ya ci shi, amma ya san wani mai kyau, kamasho yake nema. Buga waya ka ji da kunnenka.

Bakin kogin matakala ne na dutse da ake kira ghat, sun haura 80, jere daga Assi a kudu zuwa Raj Ghat a arewa. Duk suna fuskantar gabas, shi ya sa asuba ce lokacinsu. Mai barcin safe da ya fito ƙarfe goma zai tarar da rana da 'yan talla kawai. Wanda ya fito bayan sallar asuba shi zai ga mata da maza tsaye cikin ruwa har ƙugu suna ɗiba da tafin hannu suna zubarwa wajen fitowar rana, wanzamai suna aski a kan matakala, malaman addininsu zaune ƙarƙashin manyan laimomi. Da magariba kuma akwai ibadar fitilu a matakalar Dashashwamedh, inda samari suke jujjuya fitilun tagulla masu hawa-hawa ana kaɗa ƙararrawa. Kyau akwai shi, amma cunkoso ya yi yawa. Ka je da wuri, walat da waya a aljihun gaba.

Inda aka fi yin abin kunya shi ne Manikarnika, da ƙaramarta Harishchandra, wuraren ƙona gawa. Hindu sun yi imani cewa wanda ya mutu a wannan gari ya kuɓuta daga sake dawowa duniya, saboda haka wuta ba ta mutuwa a Manikarnika, dare da rana. Kana cikin lungu za ka ji ana maimaita “Ram naam satya hai”, sai ga maza ɗauke da makarar gora, gawa lulluɓe da ƙyalle mai ruwan lemo da zaren zinariya. Ka raɓe jikin bango su wuce. A ƙasa ana auna itace a kan sikeli, a tsoma gawar a kogi, sannan babban ɗa, an aske masa kai yana ɗaure da farin yadi, ya karɓo wuta daga hannun mutanen Dom, waɗanda wannan aiki gadonsu ne. Ba a ɗaukar hoto a nan, ko daga cikin jirgin ruwa. Ka ƙaddara kana maƙabarta ana saka mahaifinka a kabari, wani baƙo ya ɗaga waya yana bidiyo. Al'adar ta saɓa wa abin da muka yi imani da shi, wannan gaskiya ne, amma ba a wurin makoki ake nuna ƙyama ba. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba ya zagaye ta sama, ba dole.

A nan ne kuma 'yan damfara suka fi kafa tarko. Wani zai matso da ladabi ya fara yi maka bayani ba ka tambaya ba, ya ja ka saman wani gini, a ƙarshe ya ce akwai tsofaffi marasa galihu da ke jiran mutuwa, a taimaka da kuɗin itace. Ka ce a'a tun jimlar farko ka ci gaba da tafiya. Haka za ka yi wa mai miƙo maka hannu kamar gaisuwa sai ya koma yi maka tausa don ka biya.

Jirgin ruwa a yi ciniki tun ana tudu: nawa, tsawon wane lokaci, daga ina zuwa ina, kuma kuɗin mutum ɗaya ne ko na jirgin duka. Na hannu ya fi mai inji, don a hankali ake son ganin garin. Ruwan kuwa, tsarkinsa a wurin masu shi daban, tsabtarsa daban. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin tsabtace kogin mai suna Namami Gange a 2014, amma har yanzu ƙazantar gari tana shiga. Kada ka sha, kada ka yi alwala da shi. Ruwan gora mai hatimi kawai.

Abinci kusa da kogi na ganye ne da wake da madara, kuma wanda aka soya a gabanka da zafinsa ya fi aminci. Mai neman naman halal ya nufi unguwannin Musulmi irin su Madanpura. An haramta yanka saniya a jihar, don haka kada ka shiga tambayar naman sa a ko'ina. A kula da lassi, kindirmon da ake damawa da sukari a ƙaramin kaskon ƙasa. Daɗi gare shi, amma akwai wanda ake sa wa bhang, wato ganyen wiwi, ana kiransa na musamman. Ka faɗa a fili cewa ba ka son bhang.

Babban wurin bautar garin shi ne Kashi Vishwanath, wanda sarauniya Ahilyabai Holkar ta sake ginawa a 1780, aka kuma faɗaɗa harabarsa har bakin kogi a Disambar 2021. Ba a shiga da waya ko jaka. Manne da shi akwai masallacin Gyanvapi na zamanin sarki Aurangzeb, wanda rikicin Hindu da Musulmi a kansa yake gaban kotu, 'yan sanda kewaye da shi. Baƙo ba shi da hurumin buɗe wannan muhawara da direba ko mai shayi. Masallatai suna da yawa a gari, ka yi sallarka inda babu tsaro da tambayoyi.

Yadin siliki na Banaras, wato wani sunan Varanasi, da ake ji da shi, akasarin masu saƙa shi Musulmi ne. Kuskuren shi ne bin mai jirgi ko direba zuwa shagon wai ɗan'uwansa, inda an riga an ɗora ladansa a kan farashi. Ka juya bayan yadin: saƙar hannu ba ta fita sumul kamar ta inji.

Masu kwana ɗaya sukan tsallake Sarnath, alhali kilomita 10 ne kacal. A can Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya yi wa'azinsa na farko, kuma gidan tarihin wurin yana ajiye da zakunan dutse na sarki Ashoka waɗanda suke jikin kuɗin Indiya. Ranar Juma'a a rufe yake.

Wajen komawa a duba tikiti da kyau. Tashar jirgin ƙasa ta Varanasi Junction daban, tashar Banaras daban, wasu jiragen kuma a Deen Dayal Upadhyaya suke tsayawa, wadda aka fi sani da Mughalsarai, can tsallaken kogi. Filin jirgin sama yana Babatpur, wajen kilomita 25 daga tsakiyar gari, kuma da cunkoson hanya a ware masa fiye da awa guda.