Yadda za ki koya wa yaronki lissafi da hannunsa

A makarantun firamare da dama a nan Kano, yaro na ɗaga yatsu zai ƙirga sai a daka masa tsawa, wai ya yi da ka. Abin yana damuna, domin hannun nan da ake hana shi amfani da shi, ta nan lissafin yake bi ya shiga kansa. Tun 1924 likitan ƙwaƙwalwa Josef Gerstmann na ƙasar Ostiriya ya yi bayanin wata larura da mutum ke kasa bambance yatsunsa, aka kuma gano cewa masu ita sukan rasa iya lissafi, sakamakon rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ke nan wurin da ke lura da yatsu da wanda ke sarrafa lambobi maƙwabtan juna ne.

Ki fara da sanin yatsun. Ya rufe ido, ki taɓa masa ɗaya, ya buɗe ya nuna miki wanda kika taɓa. Idan ya saba, ki riƙa taɓa biyu lokaci guda.

Sai ki tara ƙwallayen dabino ko murafen kwalbar lemo. Kada ya ƙirga da ido kawai: duk wanda ya ambata, ya ture shi gefe da yatsa. In tarawa ce, ki yi tsibi biyu, uku nan huɗu can, ya sa hannu biyu ya haɗe su da kansa. In ɗebewa ce, ya janye ya ɓoye a bayansa. Kada ki yi gaggawar barin wannan matakin, ko da zai kai makonni.

Daga nan ki koma kan gaɓoɓi, kamar yadda ya saba ganin ana tasbihi bayan sallah. Babban yatsa ne mai nuni, sauran huɗun kowanne gaɓa uku: 3, 6, 9, 12. Ga ninkin uku ya samu tun bai san sunansa ba.

Idan ya kai ga rubutu, ki ba shi irin wannan: 4 + 5 + 3 = __ + 3. Yara da yawa sukan tara lambobi ukun farko su rubuta 12. Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Chicago a Amurka ta gwada koya wa yara su ware yatsu biyu ƙarƙashin lambobi biyun farko, sannan su nuna gurbin da babu komai. Waɗanda suka yi haka sun fi gane cewa biyun nan ake haɗawa, alhali ba a faɗa musu da baki ba. Ki kama hannunsa ki nuna masa sau ɗaya, sauran ya yi da kansa.

Minti goma bayan la'asar sun isa. In ya kuskure, kada ki faɗa masa amsa. Ki miƙa masa ƙwallayen ya sake.