Darasi na Bakwai: Ruwan Kwari Daga Tsauni Yake Fitowa

Mutumin da ya tashi a shimfiɗaɗɗen fili yakan ɗauki tsauni a matsayin wuri marar amfani, tun da garma ba ta shiga cikinsa, mota ba ta hawansa da sauƙi, kuma ba kowane iri ne ke tsira a kansa ba. Wannan fahimta kuskure ce, kuma babu abin da zai nuna kuskurenta kamar ruwan da muke sha. A wannan darasi za mu bi ruwa tun daga kan tsauni har zuwa kwari, domin mu ga abin da ke faruwa idan an kula da tsaunin da kuma abin da ke biyo baya idan an tsiraita shi.

Yadda tsauni ke tara ruwa

Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Idan ta ci karo da tsauni, ba ta da hanyar wucewa sai ta hau shi, kuma duk lokacin da aka hau mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi. Da tururin ya ji sanyi sai ya dunƙule ya zama gajimare, daga nan ya sauko a matsayin ruwan sama, ko kuma ƙanƙara idan tsaunin dogo ne ƙwarai. Shi ya sa ake samun tsauni guda mai fuska biyu, gefen da iska ke bugawa kore shar, ɗaya gefen kuwa a bushe. Tsaunukan Himalaya, inda dutsen Everest mai tsayin mita 8,849 yake, misali ne bayyananne, domin kudancinsu yana samun damina mai ƙarfi, alhali tudun Tibet da ke bayansu busasshe ne.

Saukar ruwa ba ita ce ƙarshen aikin ba. Idan tsaunin yana da itatuwa da ciyawa, ganye yakan tare ɗigon ruwan ya rage masa ƙarfi, busasshen ganyen da ya ruɓe a ƙasa yakan tsotse shi kamar soso, saiwoyi kuma su buɗa masa hanya ya nutse cikin ƙasa da tsagogin duwatsu. Ruwan da ya nutse ta haka ba ya ɓacewa. Shi ne yake fitowa sannu a hankali ta maɓuɓɓuga, ya zama ƙorama, ƙoramu su haɗu su zama kogi, har a tsakiyar rani lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama.

Manyan kogunan duniya kusan duk haka aka haife su. Kogin Neja, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,180, ya faro ne daga tuddan ƙasar Gini, kuma daga tsaunukan Futa Jalon na wannan ƙasa kogunan Senegal da Gambiya suka samo asali. Mafi yawan ruwan da kogin Nilu ke kai wa Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, wato manomin da ke ban-ruwa kusa da Alƙahira yana cin albarkacin ruwan saman da ya sauka a wata ƙasa da wataƙila bai taɓa takawa ba. A nahiyar Asiya kuma, kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra, waɗanda ɗaruruwan miliyoyin mutane suka dogara da su, daga yankin Himalaya suke fitowa.

Ba ruwa kaɗai ba ne. Saboda zafi yana sauyawa daga gindin tsauni zuwa ƙololuwarsa, akan sami tsirrai da dabbobi iri-iri a ɗan taƙaitaccen wuri, wasunsu ma ba a samunsu ko'ina a duniya sai a nan. Dankalin Turawa asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ne, gahawa kuma daga dazuzzukan tuddan Habasha.

Idan aka tsiraita tsauni

Mu ɗauka an sare itatuwan gangaren domin gawayi da katako, an cinna wa ciyawa wuta, dabbobi kuma sun tattake abin da ya rage. Ruwan sama zai zo kamar yadda ya saba, amma yanzu babu abin da zai riƙe shi. Maimakon ya nutse, sai ya kwararo gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, yana kwashe ƙasar sama mai taki wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta taru. Mutanen kwari su ne suke fara ganin alama: kogin da a da yake garau sai ya koma ja, ya yi ambaliya da damina, ya ƙafe da wuri da rani, madatsun ruwa kuma su cika da yashi da laka har su kasa ɗaukar ruwan da aka gina su dominsa.

Wani lokaci kuma abin ba ya zuwa a hankali. A ranar 14 ga Agusta, 2017, bayan kwanaki ana tafka ruwa, wani sashe na tsaunin Sugar Loaf ya zaftare da sassafe a kan unguwar Regent da ke gefen Freetown, babban birnin Saliyo, kuma mutanen da suka rasu ko suka ɓata sun haura 1,000. Ruwan ya yi yawa, wannan gaskiya ne, amma sare dajin gangaren da gina gidaje a inda bai kamata ba sun ƙara wa masifar muni.

Akwai kuma ɗumamar yanayi, wadda ba mazauna tsauni ne suka jawo ta ba amma su take fara taɓawa. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da aka auna a kansa a shekarar 1912.

Abin da ake iya yi

Kare tsauni ba yana nufin korar mutane daga kansa ba. A gaskiya, dokar da ta hana talaka saran itace ba tare da an samar masa da abin girki ko wata sana'a ba, takan tsaya ne a kan takarda, domin yunwa ba ta jin doka. Inda aka yi nasara, za a tarar mazauna wurin suna da hannu a aikin kuma suna da rabo a amfaninsa. Goggon birin tsauni, wanda ke zaune a dazuzzukan kan iyakar Ruwanda da Uganda da Kwango, ya kusa ƙarewa a shekarun 1980, amma ya zuwa 2018 adadinsa ya haura 1,000, kuma daga cikin dalilan akwai ware wa ƙauyukan kewaye wani kaso na kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya.

Manomin gangare shi ma yana da dabaru tun na kaka da kakanni. Mutanen Konso na kudancin Habasha sun shafe fiye da shekara 400 suna jera duwatsu suna gina katanga a jikin tudu, suna mai da gangare gonaki hawa-hawa kamar matakalar bene, ta yadda ruwa zai tsaya a kowane hawa ya nutse kafin ya wuce, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sanya wannan aiki nasu cikin kayan tarihin duniya. Wanda ba shi da ƙarfin gina katanga yana iya yin kunyoyinsa a gicciye, kada su bi gangaren daga sama zuwa ƙasa su zama magudana, ya bar layin ciyawa tsakanin gona da gona, kuma kada ya taɓa itatuwan da ke kewaye da maɓuɓɓuga ko bakin ƙorama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 11 ga Disamba ta kowace shekara, tun daga 2003, domin tunatar da duniya irin waɗannan abubuwa, sai dai shuka itace a ranar biki abu ne mai sauƙi, ba shi ruwa da kare shi daga dabbobi har ya kama shi ne aikin.

Aikin aji

Ku samo faranti biyu masu faɗi iri ɗaya. Ku cika na farko da ƙasa tsura, na biyun kuma ku yanko ƙasa tare da ciyawarta da saiwoyinta ku shimfiɗa a ciki. Ku ɗaga gefe guda na kowane faranti a kan dutse domin ya karkace kamar gangare, ku ajiye kwano a ƙarƙashin bakinsa, sannan ku huda gindin gwangwani da ƙusa ku yayyafa ruwa daidai wa daida a kan kowanne. Ku lura da farantin da ruwansa ya riga sauka, ku dubi launin ruwan da ke cikin kwanukan biyu, sa'an nan ku bar su su kwanta na ɗan lokaci ku gwada yawan lakar da ta taru a gindin kowanne. Bayan haka kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a littafinsa a kan abin da ya gani, ya kuma rubuta sunan kogi ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata a darasin tare da tsaunin da ya fito daga cikinsa.