Yadda za ka ɗora manhaja a Play Store da App Store ba tare da an rufe maka akawun ba

In ka gama haɗa manhajarka kana shirin ɗorawa, to ka sani akawun ɗinka ya fi manhajar daraja, dan manhaja in an ƙi karɓarta gyara za ka yi ka sake turawa, amma akawun in Google suka rufe shi to fa duk abin da ke ciki ya tafi, kuma ba su yarda ka buɗe wani ba.

Rijista dai ba wuya. Google Play Console dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara. Ka sa sunanka na gaskiya yadda yake a katin shaidarka dan za su tantance. In akawun na kanka ne kuma bayan 13 ga Nuwamba 2023 ka buɗe shi, Google ba za su bar ka ka saki manhaja kai tsaye ba sai ka yi gwajin rufe, wato gwajin da waɗanda ka gayyata kawai ke shiga, da mutum 12 aƙalla har kwana 14 a jere. Da 20 ne ma, daga baya aka rage. Ka nemo mutanen da za su buɗe manhajar da gaske su faɗa maka inda ta ke maƙalewa, dan bayan kwanakin za a tambaye ka me ka gano kuma me ka gyara. Akawun na kamfani kuma sai da lambar D-U-N-S, wato lambar da ake tantance kamfani da ita.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne maimaita abu ɗaya. Mutum zai sayi kod guda, ya canza launi da suna da tambari, ya fitar da manhaja goma duk ciki ɗaya, wai ko ɗaya za ta fashe. Gaskiya wannan yana min ciwo, dan ƙarfin da aka ɓata wajen kwafi goma da an zuba shi a guda ɗaya da ta yi kyau. Apple suna da doka ta 4.3 kan wannan, sun ce kar ka ɗora manhaja ɗaya a ƙarƙashin sunaye daban daban, in kana da ta garuruwa ko makarantu ko ƙungiyoyin ƙwallo da yawa ka haɗe su cikin guda, mutum ya shiga ya zaɓi nasa. Har irin waɗanda suka riga suka cika kasuwa sun lissafa, kamar na tocila da na duba irin na bokaye, ba sa karɓar sabbi sai in akwai abin da ya bambanta su sosai. Google ma haka, in manhajojinka sun yi kama da juna ko ka kwashi na wani ba ka ƙara komai ba, cirewa za su yi. Masu yi wa kwastomomi aiki ku kula da dokar Apple ta 4.2.6, manhajar da aka yi da samfuri ɗaya mai ita ne zai ɗora da akawun ɗinsa, kar ka tara na mutane a naka.

Sai manhajar da ba ta komai. Ka ɗauko shafin intanet ka naɗe shi ka ce manhaja ce, Apple za su mayar maka da doka ta 4.2, in kuma shafin ba naka ba ne ba ka da izinin mai shi to a Google ma laifi ne. Tun 31 ga Agusta 2024 Google suka ƙara matsawa kan masu rubutu kawai ko PDF kawai ko hoton bango guda ɗaya. In littafi ko darasi kake son fitarwa ka sa wajen bincike, da alamar inda mutum ya tsaya, da ƙara girman rubutu, ya kuma buɗe ko ba data.

Suna harafi 30 ne iyaka a duka biyun. A Play kar ka sa emoji a suna, kar ka rubuta kyauta ko lamba ɗaya ko mafi kyau, kar ka cika shi da manyan haruffa. Gajeren bayani harafi 80, dogon 4000, kuma ba wajen jera kalma ɗaya sau hamsin ba ne dan a gan ka a bincike, ka rubuta abin da manhajar ke yi yadda za ka yi wa mutum bayani da baki. Apple sun ba da gurbin kalmomin bincike na harafi 100, nan ma ban da sunan manhajar wasu. Hotunan sikirin su nuna ainihin abin da ke ciki.

Dan Allah kar ka sayi taurarin da masu amfani ke ba manhaja, kar ka ce wa mutane ku ba ni biyar in ba ku kyauta. Talla kuma kar ta riƙa faɗowa ta rufe fuskar waya mutum na tsakiyar abu, ka bari sai ya gama mataki.

Fom ɗin tsaron bayanai na Play da na sirri na Apple ka cika su da gaskiya, har da abin da kod ɗin talla irin su AdMob ke kwasa, dan a wuyanka yake ko ba kai ka rubuta shi ba. In ana buɗe akawun a manhajar dole akwai hanyar goge shi, kuma ka ba masu dubawa suna da fasuwod na gwaji mai aiki, da yawa a nan kawai ake mayar da su.

In saƙon ƙin karɓa ya zo, ka karanta shi a tsanake, suna faɗin dokar da ka taka, wani lokacin har da hoto. Ka gyara sannan ka duba sauran manhajojinka ko suna da irin matsalar. Ka da ka sake tura ta yadda take da sabon suna. A Google ƙin karɓa ba ya ɓata akawun, dakatarwa ita ce ake rubuta maka, in ta taru sai rufewa, kuma suna haɗawa da duk akawun da suka ga yana da alaƙa da naka, shi ya sa ba a aron akawun ba a saye a hannun wani. In kana ganin kuskure suka yi ka ɗaukaka ƙara ta fom ɗin da ke cikin saƙon, a Apple kuma ka amsa ta App Store Connect, wato shafinsu da ake ɗora manhaja, ka rubuta gajere cikin ladabi, ka haɗa da takardar izini ko bidiyon da ke nuna yadda manhajar ke aiki.